Taƙaitaccen Tarihin Fim Mai Rassa

Fim mai rassa shi ne wanda ake tsayar da labarinsa a wasu wurare, a ba mai kallo zaɓi, sa'an nan labarin ya ci gaba bisa abin da ya zaɓa. Ko da yake ta intanet ya yi suna, asalinsa ya girme ta.

A cikin 1967, a bikin baje kolin duniya na Montreal a Kanada, Radúz Činčera, mutumin Cekoslobakiya, ya nuna wani fim mai suna Kinoautomat. Kowace kujera tana da maɓalli biyu, ja da kore. Sau tara akan dakatar da fim ɗin, jama'a su yi zaɓi, a bi masu rinjaye. Sai dai duk hanyar da suka bi, ƙarshen ɗaya ne, wato gobara ta cinye gidan da ake labari a kansa.

Bayan shekara hamsin, kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, ya farfaɗo da wannan dabara. Ya fara da shirye-shiryen yara a 2017, sa'an nan ran 28 ga Disamba, 1918 ta cika ƙarni, wato 2018, ya fito da Bandersnatch, wanda Charlie Brooker ya rubuta. Labarin Stefan ne, saurayi mai ƙoƙarin ƙirƙiro wasan kwamfuta a 1984. Akan ba mai kallo daƙiƙa goma ya yanke masa shawara, tun daga abin karin kumallo har zuwa batun kisan kai. An ɗauki hoton fiye da awa biyar, aka tanadi manyan ƙarshe guda biyar. Fim ɗin ya sami lambar yabo ta Emmy a 2019.

Duk da haka, 'yancin mai kallo bai wuce shingen da marubuci ya kafa ba. In ya kauce, sai a komar da shi baya ya sake zaɓe. Bugu da ƙari, kamfanin yana ajiye bayanin abin da kowa ya zaɓa. An dai miƙa wa mai kallo linzami, amma dokin yana turke.

A watan Disamba na 2024 Netflix ya janye yawancin irin waɗannan shirye-shirye, Bandersnatch kuma ya bi sahunsu a watan Mayu na 2025. Da yake ba a buga shi a faifai ba, wanda bai kalla ba a lokacin sai dai ya ji labari.