Nargis da Fim ɗin Mother India a Idon Hausawa

Wannan takarda za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin tsofaffin taurarin fim na Indiya, wato Nargis, da irin sawun da ta bari a ƙasar Hausa. Kafin a kai gare ta, ya kamata ɗalibi ya san cewa lokacin da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra a 1913, bai sami macen da za ta fito a matsayin sarauniya ba. Namiji ne, mai suna Anna Salunke, ya ɗaura zane ya fito. A wancan zamani fitowar mace a fim abin kunya ne ga danginta.

An haifi Nargis a birnin Kalkata a 1929, sunanta na yanka Fatima Rashid. Mahaifiyarta, Jaddanbai, mawaƙiya ce, ita ce kuma ta sa ta a fim tun tana ƙarama. Sauya suna ba baƙon abu ba ne a sana'ar: Dilip Kumar ma ainihin sunansa Muhammad Yusuf Khan.

A 1957 Mehboob Khan ya fitar da Mother India. Nargis, tana da shekara 28, ta fito a matsayin Radha, matar ƙauye da mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashin mai ba da kuɗi da ruwa. Ta ja garma da kafaɗarta, ta ƙi sayar da mutuncinta ko da yunwa ta kai mata iya wuya, daga ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane. 'Yan kasuwa Kwarori, waɗanda a wancan lokaci sinimomin Kano irin su Rex da Palace ke hannunsu, sun yi shekaru suna maimaita fim ɗin, mutane kuma ba su daina cika ba. Galibin masu kallon ba sa jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. A ganina ba sa buƙata: talakan da ya san bashin damina da kunyar uwa ya riga ya san labarin.

Wajen ɗaukar fim ɗin gobara ta ritsa da ita, Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, ya kutsa ya ceto ta. Suka yi aure a 1958. Daga nan ta kusan barin fim gaba ɗaya, abin da ba zai ba mai bin finafinan Kano mamaki ba, domin a can ma aure kan rufe wa jaruma wannan ƙofa. Ta zama 'yar majalisar dattawan Indiya a 1980, ta rasu da ciwon daji a watan Mayu na 1981, kwanaki kaɗan kafin a fara nuna Rocky, fim ɗin da ɗanta Sanjay Dutt ya fara fitowa a matsayin jarumi.

Shi wannan ɗa nata samarin Kano sun san shi fiye da ita. Yadda suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, haka suka raɗa masa Ɗan Daba Mai Lasin, saboda yawan fitowa da yake yi a matsayin tantiri. Kotu ta ɗaure shi kan mallakar makamai ba bisa ƙa'ida ba, aka sake shi a 2016.