Daga Kano Rotary ta fara a Najeriya, ba daga Legas ba

Jama'a, ku yi min haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Shekaranjiya wani ɗan'uwa ya saka hoton wasu mutane suna sauke bencina a wata makarantar firamare, ga tambarin nan mai kamar gargaren inji a jikin rigunansu. Sai wani bawan Allah ya shigo yana cewa wai Rotary ɗin nan kayan 'yan Legas ne, kwanan nan suka fara leƙo Arewa neman suna. Na karanta maganar sau biyu, na kasa barinta ta wuce. Malam, ka juya tarihin ne gaba ɗaya. Kulob ɗin Rotary na farko a duk faɗin Najeriya a Kano aka kafa shi, an ba shi takardar amincewa ranar 28 ga Afrilu, 1961. Legas a watan Mayu ta biyo baya, Ibadan kuma sai wajen ƙarshen shekarar. Ko da kwana ɗaya mutum ya girme ka, yayanka ne, balle wata guda cur.

Ku tuna yadda Kano take a lokacin. Wata 7 kacal da samun 'yancin kai, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya yana kan gado, Sardauna yana Firimiya a Kaduna, dalar gyaɗa tana tsaye, jiragen Turai suna sauka a filin jirgin Kano kafin su wuce kudu. Gari ne cike da 'yan kasuwa, Turawa da kwarori da 'yan ƙasa, ga lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki. Ita kuwa Rotary irin waɗannan mutanen take tarawa, kowa da sana'arsa. Don haka ni ban ga abin mamaki ba da ta fara yada zango a nan.

Asalinta kuwa daga Chikago ta Amurka ne. Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa 3 a wani ofis: Silvester Schiele mai sayar da kwal, Gustavus Loehr injiniyan haƙar ma'adinai, da Hiram Shorey tela. Harris a ƙaramin gari ya tashi, inda kowa ya san kowa, ya zo birni ya tarar ba mai gaishe da wani. Kewar zumunci ce ta sa ya tara su. Suka riƙa zama bi da bi, yau a ofishin wannan, wani makon a na wancan, daga wannan zagayen sunan Rotary ya samo asali. Da farko ba maganar taimakon jama'a a ciki, zumunci ne da cinikayya a tsakaninsu, ka sayi kwal a wurina in ɗinka kwat a wurinka.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da suka fara ɗauka da suka ce za su waiwayi gari. A 1907 suka tashi neman a gina bandakin jama'a a tsakiyar Chikago, kusa da ofishin hukumar birnin. Bandaki fa. Manyan mutane masu kwat da laƙatayi, ba su ce asibiti ba, ba su ce hasumiya da za a rubuta sunayensu a jiki ba, suka duba abin da yake wahalar da mai yawo a kasuwa wanda kunya ke hana shi faɗa. Duk wanda ya taɓa wuni a Kantin Kwari ko Sabon Gari, ciki ya murɗa masa, ya san girman wannan aiki. Mace mai goyo da ta shigo sayayya daga ƙauye ta fi kowa sani. Kuma ba su gina shi su kaɗai ba, sai da suka tara sauran ƙungiyoyin gari suka matsa wa hukuma. Wannan salon, wato ka fara da kuɗinka da ƙafarka sannan ka janyo gwamnati ta shigo, shi suka riƙe har gobe.

Shekara 10 bayan haka, a 1917, shugabansu Arch Klumph ya kawo shawarar a buɗe asusun ayyukan alheri. Kuɗin farko da ya shiga dala 26 ne da santi 50, daga kulob ɗin Kansas City. Ku riƙe wannan adadi a ranku, za mu dawo kansa.

Kafin in ci gaba bari in sallami mutum biyu. Na farko masu cewa Lions ta girmi Rotary. A'a. Lions a 1917 Melvin Jones ya kafa ta, ita ma a Chikago, shekara 12 bayan Rotary. Ina girmama aikinsu na ido, wanda suka runguma tun da Helen Keller ta yi musu jawabi a 1925, amma girma na yaya ne. Na biyu masu cewa ƙungiyar asiri ce. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da kowa zai iya gani da idonsa shi ne taronsu na mako-mako a fili ake yinsa, ana sanar da rana da wuri, ana gayyatar baƙi, shugaban kulob shekara ɗaya yake yi ya sauka. In akwai laifin da zan ɗora musu, shi ne tsawon lokacin da suka ɗauka suna rufe wa mata ƙofa. Sai da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987, sannan a 1989 suka buɗe wa mata shiga a duk duniya. Shekara 84 ana abu ba iyaye mata, alhali su ne ke jinyar yaran da ake cewa za a taimaka. Wannan kam an makara.

To, mu dawo gida. Daga wannan kulob na Kano aka samu mutumin da ya shugabanci Rotary ta duniya baki ɗaya: Jonathan Majiyagbe, babban lauya mai muƙamin SAN, wanda ofishinsa na lauya yake a Kano. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera, daga Yulin 2003 zuwa Yunin 2004. Rotary ta shigo Afirka tun 1921 ta Johannesburg, amma sai bayan shekara 82 nahiyar ta samu shugaba, kuma ba daga Johannesburg ko Alƙahira ko Legas ya fito ba. Na san akwai mai shirin cewa ai Bayarabe ne, ba ɗan Kano ba. Mutumin da ya yi shekaru aru-aru yana aiki a garin nan, kotunan Kano suka san shi, duk inda aka kira sunansa a duniya sai an haɗa da kulob ɗin Kano, in ba mu ce namu ba ne, na wa za mu ce? Kano tumbin giwa ce, haka muka taso muka ji, kuma da baƙi ta cika ta batse. Taken da ya zaɓa wa shekararsa ma mai sauƙi ne, a miƙa hannu a taimaka. Bahaushen da ya san aikin gayya ba sai an yi masa fassara ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku nutsu. Babban aikin Rotary a duniya shi ne yaƙi da shan inna. Sun gwada a Filifin a 1979, inda suka ɗauki nauyin rigakafin yara miliyan 6. A 1985 suka ƙaddamar da shirin PolioPlus da niyyar tara dala miliyan 120, zuwa 1988 suka tara miliyan 247. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗa kai da su. A lokacin cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar ta daga Afirka.

Mu nan ba a littafi muka san shan inna ba. A layinmu akwai yaron da muka taso tare, da ƙafafunsa muka san shi, yana bin mu wasan langa. Zazzaɓi ya kama shi kwana kaɗan, ya tashi ƙafar dama ta saki kamar tsumma. Manya suka ce Inna ce ta sha shi, aka yi ta turare da rubutu. Har yau ina ganin silifas ɗin da yake sa wa a hannu yana jan jiki zuwa makarantar allo, da ƙurar da ke manne a gwiwarsa. Babu wanda ya gaya wa uwarsa cewa ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida da gurɓataccen ruwa, kuma ɗigo 2 a baki, in an maimaita, yana iya tare ta.

Sai ga 2003. A daidai shekarar da mutumin Kano yake jagorantar ƙungiyar da ta yi alkawarin kawar da cutar daga doron ƙasa, a shekarar Kano ta dakatar da rigakafin. Majalisar ƙoli ta harkokin shari'a, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmed, ta ce tana zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ce a tsaya sai an bincika. Zamfara da Kaduna ma sun tsaya na ɗan lokaci, amma ta Kano ce ta daɗe, kusan shekara guda.

Ba na cikin masu zagin iyayenmu a kan wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara 7 kacal kafin nan, a annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a garin nan, 11 suka rasu, maganar ta kai kotu har aka yi sulhu a 2009. Ga yaƙin Iraƙi ana kallo a talabijin. Ga tambayar da kowane magidanci yake yi: ɗana yana zazzaɓin cizon sauro na je asibiti an ce in sayo magani, me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an daɗe ba a ba ta amsa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, tsayawar nan yara ne suka biya kuɗinta da ƙafafunsu. Cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi Chadi da Sudan, ta tsallaka Yaman, har Indonesiya.

Ku ɗan sa kanku a matsayin Majiyagbe. Kana zagaya duniya kana roƙon mutane su ƙara ba da kuɗi saura ƙiris a gama, kowa kuma ya buɗe jarida sunan garinka yake gani. A wannan hali ya yi shekararsa, har taron duniya da ya jagoranta a Osaka ta Jafan a 2004. Wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen Yuni, a ƙarshen Yuli Kano ta dawo da rigakafi, bayan an kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, kwamitin jiha ya gamsu da shi. A watan Oktoba Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamna da hannunsa a bainar jama'a. Ba zan ce Majiyagbe ne ya warware rikicin ba, duk da son da nake masa. Malamai da sarakuna da likitoci ne suka yi ta zama, Mai Martaba Ado Bayero ya sa baki, daga baya Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya ja sarakunan Arewa gaba ɗaya suka shigo. Abin da zan ce shi ne Rotary ba ta yi fushi ta kwashe kayanta ba, ta ci gaba da biyan kuɗin magani da na masu zagaye.

Su waɗannan masu zagayen, yawancinsu matan unguwa ne. Hijabi har ƙasa, akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa, alli a hannu. Su yi sallama a soro, su matse kumatun yaro su ɗiga, su shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, su fito su yi rubutu a jikin ƙofa. Wani gida a ba su ruwa, wani gida a sako musu baƙar magana. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe 9 daga cikinsu a Kano. Allah Ya jiƙansu, Ya sa aikin ya zame musu sadaka mai gudana.

Sauran labarin kun san shi. Ɗangote da Bill Gates suka shigo, aka buɗe cibiyoyin ɗaukin gaggawa, aka ga mai ɗauke da ainihin cutar, wadda ake kira ta daji, na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A shekarar mujallar Time ta sa Dakta Tunji Funsho, shugaban kwamitin PolioPlus na Najeriya a lokacin, cikin mutum 100 mafi tasiri a duniya. Asusun nan da ya fara da dala 26 da santi 50 ya zuba fiye da dala biliyan 2 a wannan yaƙi kaɗai. A gefe guda kuma ga aikin yoyon fitsari da lafiyar masu haihuwa da suka yi da takwarorinsu na Jamus a asibitocin Kano da Kaduna, ga rijiyoyin burtsatse, ga kekunan guragu, ga bencinan da suka jawo wannan rubutu. Majiyagbe ya rasu a 2023.

Ta daji yanzu sai Pakistan da Afganistan, amma wani nau'in cutar yana nan yana ɓulla a jihohinmu, a wuraren da yara ba su samu cikakken ɗigo ba. Don haka malam mai maganar Legas, ka gyara: Kano, Afrilun 1961. Ku kuma iyaye, don Allah in matan nan masu akwatin ƙanƙara sun yi sallama, ku fito musu da yaran.