Daraktoci Uku, Kwantiragi Ɗaya: Nazarin Sauyin Koci a Jami'ar Texas A&M, 2017–2024

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda daraktocin wasanni uku na Jami'ar Texas A&M da ke Amurka suka ɗauki nauyin kwantiragin koci ɗaya. Abin da take son tabbatarwa shi ne, nauyin da darakta ya ɗora wa jami'a yakan daɗe fiye da zamansa a kujera, don haka ya kamata a yi la'akari da wannan tun lokacin ɗaukarsa aiki.

Gabatarwa

A manyan jami'o'in Amurka, daraktan wasanni ne ke riƙe da kasafin kuɗin sashen wasanni, shi ke neman gudummawar tsofaffin ɗalibai, shi kuma ke ɗauka da sallamar masu horarwa. Amma jama'a da abu guda suke auna shi, wato wanda ya naɗa kocin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka.

Bayani da Sharhi

A watan Disamba na 2017, darakta Scott Woodward ya ɗauko Jimbo Fisher daga Jami'ar Florida State, inda ya ci kofin ƙasa a kakar 2013. An ba shi kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 75. Ba a cika shekara biyu ba Woodward ya koma Jami'ar LSU a 2019, Ross Bjork ya gaje shi.

A kakar 2020 ƙungiyar da Fisher ke horarwa ta ci wasa 9, ta sha kashi sau ɗaya. Ɗokin wannan nasara, da fargabar kada wata jami'a ta janye kocin, suka sa a 2021 aka tsawaita kwantiragin zuwa 2031, kuɗin ya kai kusan dala miliyan 95. A nan gizo ke saƙar. An lamunce wa Fisher kuɗin gaba ɗaya, babu kuma sharaɗin rage ko sisi idan ya sami wani aikin bayan sallama. Da wannan sa hannu jami'ar ta ɗaure kanta da kanta. A 2022 ƙungiyar ta ci wasa 5 kacal, aka doke ta a 7.

Ranar 12 ga Nuwamba 2023 aka sallami Fisher, kwana ɗaya bayan 'yan wasansa sun lallasa ƙungiyar Jami'ar Mississippi State da ci 51 da 10. Diyyar sallamar ta haura dala miliyan 75: kimanin miliyan 19 cikin kwana 60, ragowar kuma ana biyan sama da miliyan 7 duk shekara har 2031. Abin takaici ne a ce makarantar da aka kafa don ilimi tana biyan mutum irin wannan kuɗi don ya zauna a gida, ko da ba daga kuɗin karatun ɗalibai ake cirewa ba.

Bjork ya naɗa Mike Elko daga Jami'ar Duke ya maye gurbin Fisher, sai ga shi a Janairun 2024 an sanar da tafiyar Bjork Jami'ar Ohio State. Trev Alberts, da aka ɗauko daga Jami'ar Nebraska a watan Maris don ya gaji Bjork, ya tarar da kocin da bai zaɓa ba da bashin da bai ci ba.

Shawara

Hukumar gudanarwar kowace jami'a, kafin ta naɗa darakta, ta nemi ganin kwantiragin da ya taɓa sa wa hannu a baya, ta duba sharuɗɗan sallama layi-layi. Kada kuma ta amince da tsawaita kwantiragin koci saboda nasarar kaka ɗaya.