Auren Cuku da Giyar Inabi: Tarihin da Faransawa Ba Su Cika Bayarwa Ba

Yau teburin Faransawa za mu leƙa. Tun kafin mu yi nisa, giya haramun ce a wurinmu Musulmi, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Tarihi muka zo bi, don a cikinsa akwai yaƙi, akwai annoba, akwai kuma wayon 'yan kasuwa.

Idan ka zauna cin abinci da Bafaranshe, bayan an gama da nama sai a kawo faranti cike da cuku kala-kala, kowanne da irin giyar inabin da aka ce ita ce ta dace da shi. Su da kansu aure suke kiran wannan haɗi. Za su nuna maka kamar tun fil azal haka abin yake. To, gaskiyar magana, da yawa daga cikin waɗannan aurarrakin ba su wuce shekara ɗari da hamsin ba.

Tushen dai tsoho ne, wannan ba gardama. Sufayen Kirista masu zaman zuhudu, irin na gidan Cîteaux da aka kafa a 1098 a yankin Burgundi, suna noman inabi, suna kuma kiwo. Madara ba ta kwana, inabi ba ya daɗewa, sai aka mayar da wannan cuku, wancan giya, don su kai wata shekara. Manomi kuwa abin da ke garinsu yake ci, yake sha. Babu wanda ya zauna yana gwaji.

Ku ɗauki Camembert, cukun da ya fi kowanne suna a ƙasar. Ana danganta shi da wata manomiya, Marie Harel, a 1791, a yankin Normandi. Abin dariyar shi ne Normandi ba ƙasar inabi ba ce. Tuffa suke nomawa, giyar tuffa suke sha. To ina suka haɗu? Layin dogo ne ya fara kai cukun birnin Paris a shekarun 1850. A 1890 aka ƙirƙiro masa ɗan akwatin katako mai zagaye, ya zama zai iya doguwar tafiya bai lotse ba. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo a 1914, aka riƙa raba wa sojoji Camembert a ramukan yaƙi tare da kasonsu na jar giya mai araha. Samarin da ba su taɓa ganinsa a ƙauyensu ba suka koma gida da ɗanɗanon a bakinsu. Ka ji inda aka ɗaura auren.

Na garin Sancerre ya fi ba ni mamaki. Yau duk littafin girki zai ce maka farar giyar garin da cukun nonon akuya na ƙauyen Chavignol kamar Hassan da Hussaini suke. Amma a da, jar giya aka fi yi a can. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi, phylloxera, ya shigo Faransa daga Amurka, kafin ƙarshen ƙarnin ya cinye gonaki ba iyaka. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, kamar dai yadda muke yi wa mangwaro. Da mutanen Sancerre suka tashi sake shuka, sai suka karkata ga farin inabi, kuma a shekarun da gonaki suka mutu kiwon awaki ne ya riƙe gidaje da yawa. Wato ƙwaro ne waliyyin wannan auren.

Yanzu mu zo kan wayon kasuwa. Tsofaffin dillalan giya suna da wata magana: ka saya da tuffa, ka sayar da cuku. Ma'ana, in kai ne mai saye, gutsuri tuffa kafin ka ɗanɗana, za ta tona duk aibin kayan. In kai ne mai sayarwa, miƙa wa baƙonka cuku, zai rufe maka asiri.

Me ya sa? A fatar inabi da 'ya'yansa akwai wani sinadari, tanin. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne baurin da kake ji idan ka tauna goro ko ka sha shayin da ya dahu sosai, kuma shi ne a cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yana kama furotin ɗin da ke cikin miyau, sai ka ji baki ya bushe. Cuku kuwa maiƙo ne da furotin. Idan ya riga shiga baki, tanin sai ya kama shi maimakon miyau, baurin ya ragu.

A 2006 Hildegarde Heymann da Berenice Madrigal-Galan na jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun horar da masu ɗanɗano, suka ba su jar giya iri takwas da cuku iri takwas. Sai aka ga cuku yana dusashe kusan komai, baurin da ƙamshin 'ya'yan itacen duka. Ƙamshin man shanu ne kawai ya ƙaru. A ganina wannan ya gaskata dillalan fiye da masu rubuta littattafai: cukun ba fito da kyawun giyar yake yi ba, lulluɓe ta yake yi, mai tsada da mai araha.

Inda za a sara wa Faransawa shi ne rubutu da doka. Tun 1411 Sarki Charles na Shida ya ba mutanen Roquefort kaɗai izinin nunar da cukunsu na nonon tumaki a kogunan garin. A 1925 doka ta kare sunan, ta yadda ba mai yin cuku a wani wuri ya kira shi Roquefort. A 2010 kuma UNESCO ta sa tsarin cin abincinsu, har da wannan haɗe-haɗen, cikin al'adun duniya da ake karewa.

Mu ma fa muna da namu, kuma halal. Duk wanda ya zauna da Buzaye a Agadez ko Tawa ya san busasshen cukun nan mai faɗi kamar takarda, wanda ake ɓarewa ana ci da shayi. Kofin farko, mai ɗacin nan, cike yake da tanin. Abin da ke faruwa a bakin makiyayin da ya gutsuri cukunsa ya kurɓi shayi, shi ne dai abin da aka auna a Davis.