Haɗuwa da Kura, Damisa da Sauran Namun Dawa: Abin da Manomi Zai Yi

A watan Oktoba na 2019 zaki ya kuɓuce daga kejinsa a Gidan Zoo na Audu Bako. Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano ba su manta zaman ɗar-ɗar ɗin da aka yi ba kafin a mayar da shi. Bai fita daga harabar ba, awaki ya samu ya cinye. Wannan na cikin gari ke nan. Amma da yawa daga 'yan ƙungiyoyinmu na Tarauni gonakinsu na masara da rake suna Tudun Wada da Doguwa, wasu a bakin Dajin Falgore. Kai da ke kwana a can lokacin girbi, ko kake shiga dawa neman itace ko zuma, da kai nake.

Falgore ya ratsa ƙananan hukumomin Doguwa, Tudun Wada da Sumaila, kimanin kilomita 150 daga Kano a kan hanyar Jos, Kogin Kano kuma ta cikinsa ya bi ya zuba a Dam ɗin Tiga. Zaki dai ka kwantar da hankalinka: 'yan kaɗan da suka rage a dazukan Najeriya suna Yankari da Kainji. Waɗanda za ka fi cin karo da su su ne kura, dila, gwaggon biri, sai maciji. Damisa ta yi ƙaranci ƙwarai.

Kura

Ga tsoro ga ban tsoro, haka Hausawa suka ce, kuma gaskiya ne. Da wuya ta tunkari babban mutum da ke tsaye a farke. Wanda take nema shi ne mai barci a fili, ko yaro, ko tunkiyar da aka ɗaure a bayan bukka. Da dare take fita, wari ne ke jawo ta: mushe, ƙashi, ragowar tuwo, jinin yanka.

Idan kun yi ido huɗu, kada ka gudu. Na san ƙafa ita ke fara yanke shawara, amma kura tana kai gudun kilomita 60 a awa, ba za ka tsere mata ba, gudun kuma shi ke nuna mata cewa kai abinci ne. Tsaya ka fuskance ta. Ɗaga sanda ko fartanya sama, buɗe rigarka don ka ƙara girma a idonta, ka daka tsawa da murya mai kauri, ka dalle ta da tocila. In akwai yaro, ɗauke shi a kafaɗa. Sai ka riƙa ja da baya sannu a hankali, ba tare da ka ba ta baya ba. Kada ka durƙusa, kada ka kwanta ka yi kamar ka mutu. Mai cin mushe ce, ka sauƙaƙa mata aiki ke nan. In ta kawo hari, ka doke ta a hanci da ido da duk abin da ke hannunka.

Kurar da ka gani da rana tsaka tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, ba ta gudun mutane, ka ɗauka tana da ciwon haukan kare. Haka ma dila. Ka nisance ta, ka sanar da dagaci.

Damisa

Ita ɓuya take so. Haɗarinta yana zuwa ne idan ta faɗa tarkon da aka ɗana wa gada, ko tana da 'ya'ya, ko an rutsa ta ba mafita. Kada ka ƙura mata ido, ka ba ta hanya, ka ja baya. Ka ga akuya rataye a reshen bishiya? Ajiyarta ce, ba tsuntuwa ba. Bar wurin.

Wanda ya fi su kisa

A gaskiya maciji ya fi duk waɗannan illata manomi, musamman kububuwa da kasa, lokacin shuka da girbi. Sa takalmin roba mai tsawo, ka zunguri dami da sanda kafin ka sa hannu. In ya sari mutum, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Aikin ƙungiya

Kada kowa ya shiga dawa shi kaɗai, kuma a fito kafin magariba. Masu kwanan gona su haɗu wuri ɗaya, a hura wuta, yara su kwana cikin bukka mai ƙofa. Garke a kewaye shi da shingen ƙaya mai kauri, mushe a binne shi da zurfi nesa da masauki. Don Allah a daina zuba maganin ƙwari a mushe don a kashe kura. Ungulu da karnukan gida su ke fara ci, ruwan sama kuma ya wanke gubar zuwa rafin da kuke sha. In dabba ta addabe ku, shugaban ƙungiya ya kai ƙara wurin dagaci da ma'aikatan gandun daji.

Duk wanda kura, dila ko biri ya ciza ko ya yakushe, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kada a cusa ganye ko toka, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar don allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus. Ko ciwon ƙarami ne a je, domin haukan kare in alamunsa suka bayyana ba ya jin magani. In raunin ya kai ƙashi, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya.