Aku da kare: Abin da ya kamata a sani kafin a fara kiwonsu

Aku da kare na cikin halittun da ɗan'adam ya daɗe yana ajiyewa a gida, ɗaya don maganarsa, ɗaya don gadi da farauta. Sai dai nauyin da ke tattare da kowannensu ya bambanta, kuma babban dalili shi ne tsawon rai.

Aku

Aku mai launin toka da jan wutsiya, wanda asalinsa dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, yakan rayu shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane. Magidancin da ya saye shi yau, mai yiwuwa 'ya'yansa ne za su gaji tsuntsun.

Tsuntsu ne mai kaifin basira. Wani aku mai suna Alex, da masaniya Irene Pepperberg ta yi nazari a kansa a Amurka daga 1977 har ya mutu a 2007, ya koyi kalmomi sama da 100, yana kuma bambance launuka. Wannan basira ce ke sa kaɗaici ya yi wa aku illa: idan aka bar shi a keji ba mai kula shi, yakan fara fige gashinsa. Fiya da cakulan guba ne gare shi.

Yawan kamu ya rage shi a daji ƙwarai. Shi ya sa a 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg, aka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Kare

Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, kuma ƙananan nau'o'i sun fi manya daɗewa. Babban haɗarinsa shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya.

Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo rigakafi yana da wata uku, a riƙa maimaitawa bisa umarnin likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya garzaya asibiti, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira.

Kafin a ɗauko ɗaya

Mai son kare ya lissafa kuɗin abinci da allura na shekara goma ko fiye. Mai son aku kuwa ya binciki inda aka samo shi, ya kuma san wanda zai riƙe shi bayan ransa.