Tarihin 'Yan Ishiriniya: Ƙungiyar Da Ba Ta Da Rajista

Idan ana lissafin ƙungiyoyin sa-kai a ƙasar Katsina, akan fara ne da na ƙwallo da na wasan kwaikwayo da irin tamu ta tsofaffin ɗalibai. To amma akwai wadda ta girme su duka, ba ta da rajista, ba ta da ma'aji, ba ta kuma biyan kowa albashi. Wannan kuwa ita ce ta 'yan Ishiriniya, wato mutanen unguwa da kan taru da dare su rera yabon Annabi (SAW) da murya ɗaya.

Asalin waƙar daga Andalus ne, ƙasar da a yau ake kira Sifen. Mawallafinta shi ne Abdurrahman Alfazazi, haifaffen birnin Ƙurɗuba, wanda ya yi aikin magatakarda a fadar masu mulkin zamaninsa, ya kuma rasu a Maroko a shekarar 1230. Ya tsara ƙasidu 29, kowane harafin Larabci da tasa, kowace ƙasida kuma da baiti 20, jimla baiti 580 ke nan. Daga wannan ashirin ɗin ne sunan ya samo asali. Bayansa wani malami, Ibnu Muhibbi, ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layi uku a gaban kowane baiti suka zama biyar-biyar. A wannan siffa ce muka san ta.

Fatake da malamai masu ratsa Sahara su suka kawo littattafan Magrib ƙasar Hausa, Katsina kuwa tana cikin manyan zangunansu. Babbar shaidar daɗewar Ishiriniya a wajenmu ita ce Wali Ɗan Masani, wanda unguwar Masanawa ta birnin Katsina ke ɗauke da sunansa. Kafin rasuwarsa a 1667 ya rubuta mata sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya, domin warware kalmominta masu tsauri. Malami ba ya wahalar da alƙalaminsa a kan littafin da ba a karantawa. Ke nan fiye da shekara 350 ana rera ta a wannan ƙasa.

Daga zaurukan malamai ta fito ƙofar gida, kuma a nan ne ta zama ta kowa. Tsarin sananne ne a Dutsin-Ma da Kurfi kamar sauran garuruwan Hausa. Da watan Rabi'ul Awwal ya kama, bayan sallar lisha sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar malami ko a harabar masallaci. Mai ja ya ɗauko baiti, jama'a su amsa, wani lokaci malam ya tsaya ya fassara. A sahu ɗaya za ka ga tela da manomi da mahauci da malamin firamare. Da yawansu ba su ji Larabci ba, amma sun haddace ta da ka, sun san inda ake jan murya da inda ake sauke ta. Babu wanda aka koya wa wannan a aji. Yaro yakan zauna ne a gefen tabarma shekara da shekaru, har wata rana a ce ya ja.

Abubuwa uku suka sauya wannan al'ada. Na farko, na'ura: rediyo da kaset, sannan wayar hannu, sun sa mutum na iya sauraren gwanin mai bege shi kaɗai a ɗakinsa. Na biyu, saɓanin malamai a kan bikin Maulidi, wanda ya ƙara fitowa fili bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ya sa wasu unguwanni suka bar zaman, wasu kuma suka ƙara riƙe shi. Wannan magana ce ta malamai, mun bar musu. Na uku, matsalar 'yan bindiga da ta tsananta a wannan yanki daga wajen 2019 ta sa taron dare ya zama abin taka-tsantsan a ƙauyuka da dama.

Abin tsoro a nan ba ɓacewar littafin ba ne, domin bugaggen kwafi yana nan a kasuwa. Abin da ke iya salwanta shi ne karin murya. Takarda tana riƙe kalmomi, amma ba ta riƙe yadda dattawan wata unguwa ke rera su, kuma kari yakan bambanta daga zaure zuwa zaure. Duk ranar da aka binne tsohon mai ja ba tare da magaji ba, to an binne shi da karinsa.

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu, wadda Allah ya albarkace ta da malaman jami'a da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati, da ta kafa ƙaramin kwamiti. Aikinsa shi ne ya ziyarci dattawan da suka rage a Dutsin-Ma da Kurfi, ya nemi izininsu, ya naɗi muryoyinsu, ya rubuta daga wa kowannensu ya koya, sannan a ajiye kwafi a laburaren makarantarmu da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.